Ranar da Aka Kware Rufin Ɗakin Gwaggo

Gwaggona makauniya ce. Ta daɗe a wani gida a Badarawa da ƙaramar hukuma ta kama wa makafi da guragu haya. Ana shiga damina hukuma ta ce ba ta da kuɗin biyan hayar. Sau uku ina zuwa sakatariya, kullum sai a ce in ƙara haƙuri, sai ka ce haƙuri mai gida zai ci.

Mai gida bai kori kowa da baki ba. Kafinta ya turo ya kware kwanon rufi, yadda ake yi wa ɗan hayar da ya ƙi tashi. Ita kuwa ce mata aka yi gyara za a yi.

Na iske ta a kan tabarma, babu komai a samanta, ga hadari ya taso baƙi ƙirin.

"Gwaggo, tashi mu tafi gidana."

"Ɗana, a nan na san taku nawa ne zuwa bayi. A can fa?"

Ɗigon farko ya sauka a goshinta. Ta riƙe hannuna gam ta ce, "Ba su gama gyaran ba ne?"