Ta'aziyyar da Umma Ta Kora

Wata ranar Talata ce cikin watan Zulƙida, bayan la'asar, shekarar da nake neman cika tara. Ina saman benen gidan da muke haya a unguwar Misfala ta Makka, ina kwashe kuɓewar da Umma ta shanya, tattabarun Makka marasa kunya suna sauka ina korarsu da murfin tukunya. Baba Audu, wani tsoho da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tura alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, yana zaune a inuwar tankin ruwa da rediyonsa mai ɗaure da roba, don a sama kaɗai tashar Hausa ke kamawa. Ranar shirin tarihi ake yi. Mai maganar yana ba da labarin wasu hafsoshin sojan Jamus da suka haɗa baki, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, za su kawar da mai mulkin kama-karyar ƙasarsu, abin bai yiwu ba. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka kama. Ya ce an tuɓe musu kaki, an kai su kotu cikin tsofaffin kaya babu bel a ƙugu, manyan mutane suna tsaye suna riƙe wando da hannu ana daka musu tsawa. Da yawansu aka rataye. Matansu aka kulle, 'ya'yansu aka kwashe zuwa wani gidan yara aka sauya musu suna. Baba Audu ya girgiza kai ya ce, "Soja kenan, ko'ina halinsu ɗaya." Ni kuwa faifan da nake tarawa a ciki ya suɓuce mini, kuɓewar ta watse a ƙasa.

Bai san dalili ba, kuma babu wanda ya sani a unguwar. Abbana manjo ne. Ina ƙarama sosai aka zo bariki aka tafi da shi tare da wasu abokansa, aka ce sun shirya kifar da sojan da ke riƙe da ƙasarmu a lokacin. Kotun soja ta zauna a ɓoye ta yanke musu ɗaurin rai da rai. Aka watso mana kaya waje, 'yan uwa suka fara tsallaka titi in sun hango mu. Umma ta sayar da abin da ya rage, ta ɗauko ni muka zo Umra, muka maƙale babu iƙama, wato takardar izinin zama, kamar sauran jama'a. Tun a jirgi ta ja mini kunne, kuma ta ja shi da gaske: "Duk wanda ya tambaye ki, Abbanki ɗan kasuwa ne, yana tafiye-tafiye." Tsoronta shi ne a cikin alhazan gida akwai masu kai rahoto.

Ni dama ba mai zama wuri ɗaya ba ce, Umma kan ce kamar an zuba mini barkono a ƙafa. Da safe in sayo burodin tamis mai zafi, in wuce makarantar wata malama a lungunmu, tunda marar iƙama ba ya shiga ta gwamnati. Da rana in bi manyan 'yan mata ɗebo zamzam a jarka, ko in zauna bakin hanya da ƙullin alkama ina sayar wa masu ciyar da tattabaru, ido ɗaya a kan ciniki ɗaya a kan askar, jami'an tsaron Saudiyya, da an ce "ga su nan" mu kwashe zani mu bazama cikin lungu. In mun samu sarari mu yi 'yar carafke da ƙwallon dabino, yaran da aka haifa a nan suna yi mini "yalla, yalla" suna dariyar Kanancina, ni ma ba na bar musu. Lokacin aikin Hajji kuwa babu wasa. Umma ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, mu ɗauki kuloli mu bi masaukan alhazai, tana zuba abinci tana kasa kunne ko wani zai ambaci kurkuku. Amma tun daga wannan Talatar komai ya dagule mini. In na ga askar, ƙugunsa nake kallo. In ina wanke-wanke sai in kama maimaita sunana da na Abba a zuci, don ko an sauya mini kada in manta. Na addabi Baba Audu da tambayar ko yaran nan na Jamus sun koma gida, har ya ce, "Ke Zulai, ni na haife su ne?"

Ana cikin haka Baffa, yayan Abba, ya iso cikin alhazan shekarar. Ya zauna a ɗakinmu yana juya hula a hannu. Ya ce an daɗe ba a bar kowa ya ga Abba ba, abincin da ake kaiwa dawo da shi ake yi, yanzu ma ba a san gidan yarin da aka mayar da su ba. Ya ce ya tambayi malamai, sun ce wanda aka ɗaure babu ranar fita ana iya yi masa Hajji, ga shi Abba ya daɗe yana burin zuwa. Shi Baffa wannan ne zuwansa na farko, dole ya sauke nasa tukuna. Umma ta riga ta yi nata, don haka ta ce ta ɗauka. Da yamma ta leƙa wajen Hajiya Tasalla, uwar matan lungunmu, ta roƙe ta ta riƙe ni kwanakin Mina, ta ce mata, "Bana badal zan yi wa maigidan." Ta juyo da sauri don ta bar tukunya a wuta.

To, a Misfala kowa ya san badal, wato yi wa wani Hajji a madadinsa. Kowace shekara alhazai na zuwa da sunayen iyayensu da suka rasu, mutanen unguwa su yi musu. Amma a lungunmu ba a taɓa ganin an yi wa mai rai ba. Ga mijin da ba a taɓa gani ba, ga yayansa ya zo ya fita da jan ido. Hajiya Tasalla ta haɗa wannan da wancan, kafin gari ya waye labari ya gama lungu.

Washegari na dawo daga makaranta na tarar da takalma jibge a ƙofarmu. Ɗakin cike da mata, an shimfiɗa tabarmi har tsakar gida, ga dabino, ga butocin gahawa, wata ta kawo tukunyar shinkafa. Umma ba ta nan, ta tafi kasuwa. Wata mata ta jawo ni jikinta tana shafa kaina tana cewa, "Allah ya jiƙansa, Allah ya raya marainiya." Wallahi ban ga matan ba, igiya na gani, da Abbana riƙe da wando. Na fizge na ƙwalla ihu, "Sun rataye shi! Sun rataye shi!" Matan suka kalli juna, don ba su ga abin da zai sa a rataye ɗan kasuwa ba.

A nan Umma ta shigo da buhun gari a ka. Ta sauke, ta dube su, ta dube ni ina birgima, ta ce, "Wa ya mutu?" Hajiya Tasalla ta fara, "Ki yi haƙuri 'yar nan, mu dai badal muka ji," amma Umma ba ta bari ta ƙarasa ba. Matar da ko tsawa ba ta iya yi da ƙarfi, ranar har saman bene an ji ta. "Mijina yana da rai! Soja ne, a kurkuku yake, wanda zai kai rahoto ya kai! Ku ɗauki gahawarku ku tashi, ba za a yi mini zaman makoki a ɗaki ba." Suka tashi sumui-sumui suna laluben takalma, mai shinkafa ta dawo ta ɗauki tukunyarta. Ni kuwa daɗi ya kama ni, ga hawaye ga dariya, na ji duk Makka babu mace kamar uwata. Kuma Allah ya saka wa matan nan, ko ɗaya ba ta fitar da maganar daga lungu ba. Umma ta yi aikinta a ƙafa, daga Mina zuwa Arfa zuwa Muzdalifa, tana kiran sunansa a bayyane.

Na zama budurwa kafin mulkin can ya faɗi. Aka buɗe gidajen yari, aka saki waɗanda suka rage, babu Abba a ciki. Daga baya ɗaya daga cikin abokansa ya zo Umra, Baffa ya kwatanta masa gidanmu. Mutum ne dogo da ya ranƙwafa, haƙoransa sun zube, ba ya son haske a ido. Ya ce ɗaki ɗaya aka sa su, babu taga, da mari a ƙafa, ciwon ƙirji ya kama Abba aka hana shi magani. Ya cika a hannunsa cikin watan azumi, masu gadi suka fita da shi, har yau ba a san inda aka sa shi ba. Umma ta tambaye shi wane azumin. Ya faɗa. Ta sake tambaya, ya sake faɗa. Azumin da ya gabaci zuwan Baffa ne. Ba ta yi kuka a gabansa ba, sai ta ce a hankali, "Ashe Hajiya Tasalla ce mai gaskiya."

Yanzu lungun nan babu shi, dogayen otel ne a wurin. Matan da suka cika ɗakinmu wasu an mayar da su gida, wasu suna kwance a ƙasar Makka, Umma ma a nan aka binne ta. Ina zaune a unguwar Kudai, nan Makka, da 'ya'yana, waɗanda in mutum ya rasu a Kano kafin a yi masa wanka sun gani a waya. Nakan tuna takalman nan a ƙofa, da ƙamshin gahawar da ba a sha ba, in ji ina ma an bar su sun ɗan zauna sun yi masa addu'a. Zaman makokin Abbana kenan duk duniya, kuma mu muka tashe shi.