Agogon da Kawu Bala Yake Kaiwa Jami'a

Ku da kuka san Kawu Bala mai gyaran agogo a unguwarmu ta Kokoro, kun san ba ya fita sai da 'yar kujerarsa a hammata. Ba ya zama a kujerar kowa, wai bai san halin wanda ya tashi a kanta ba.

Da na samu gurbin karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, murnata ba ta je ko'ina ba. Tun bayan rikicin da aka yi a garinmu, in na doshi ƙarshen titin Koudoukou, hanyar zuwa jami'a, sai tsoro ya hana ni wucewa. Sati biyu ina shiri ina komawa ɗaki, saura kaɗan a soke sunana.

Rannan da safe sai ga Kawu da kujerarsa.

"Tashi mu je, Hadiza. Akwai agogon da zan kai can."

Wata shida yana kai agogon nan, mai shi bai taɓa zuwa karɓa ba.

In na shiga aji sai ya dasa kujera a bakin taga, yana kasa kunne da ɗan Faransancinsa na kasuwa. Ran da malami ya yi bayanin karen da ke dalalar da miyau in ya ji ƙararrawa, Kawu ya leƙo.

"Hadiza, shekara uku za ki yi don a gaya miki kare na son nama?"

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Malami ya rufe tagar, Kawu ya koma ɗayar.

Darasin firgici ne ya kama shi. Ya ji an ce wanda hankalinsa ya tashi ya ja numfashi, ya faɗi abu biyar da yake gani. Shi ke nan Kokoro ta shiga uku. Mahauci ya fusata kan ciniki, Kawu ya ce, "Ja numfashi. Me kake gani?"

"Ina ganin tsohon da bai saya ba, ya hana wasu saye!"

"Ɗaya ke nan. Saura huɗu."

Ranar jarrabawa tayar mota ta fashe kusa da mu, na firgita na durƙushe a titi. Ya zaunar da ni a kujerar nan da ko liman bai taɓa hawa ba.

"Me kike gani?"

"Kawu, ba zan iya ba."

"Wannan ba abin gani ba ne. Sake."

Na faɗi biyar ina kuka, na tashi, na je na rubuta.

Da Kawu ya rasu, ranar sadakar uku, matarsa Inna Rabi ta gaya min abin da ban sani ba. Tun da aka kashe ƙaninsa a hanyar nan Kawu bai ƙara fita unguwa ba, sai ran da ya raka ni. Kullum kafin ya zo ɗaukata sai ya yi amai, ya wanke fuska, ya ce kada ta faɗa.

Na haddace alamomin tsoro a littafi, ban gan su a jikin mutumin da ke tafe kusa da ni ba. Har yau abin na ci min rai. Allah ka ji ƙan Kawu, ka kai shi gidan da babu firgita. Amin.