Injin da Ya Shanye Tafkinmu

Har yau mutanen ƙauyenmu cewa suke yi mahaifina ne ya kashe tafkin, wai ya yi sakaci da al'adar ruwa. Ƙarya ne. Inji ne ya shanye shi, kuma da idona na gani.

Baba shi ne sarkin ruwan ƙauyenmu, gabas da Haɗejiya. Idan kogi ya janye bayan damina, yakan bar mana tafki cike da tarwaɗa da karfasa. Sai Baba ya kafa sanda a bakin ruwa, ya ɗaura mata ganyen kaba. An rufe tafki ke nan, ba koma, ba ƙugiya, sai ranar su, ranar da gari duka ke shiga kamun kifi, can cikin bazara. Bandar kifin ranar nan ɗaya ita ke riƙe gidaje har sabon gero ya nuna. Amma kifi kaɗai dokar ta tsare. Ruwa kuwa ba a hana kowa, ko Bafulatani da shanunsa, ko matafiyi da jakinsa.

A shekarar, wani kamfanin Turawa masu sayen gyaɗa ya kafa rumfa a kan tudu, da injin ba da lantarki. Malamin kamfanin ya zo da goro ya ce injinsu na son ruwan sha. Dattawa suka yi dariya, suka ce ya sha. Baƙo ne, ƙishi yake ji. Aka jefa bututu.

Ni ina makaranta lokacin. Mu ma muna da inji a can, mai shan baƙin mai. Ruwansa yawo kawai yake yi cikin tanki don ya sanyaya ƙarfe, sai jefi-jefi a ƙara masa garwa guda. Da na zo hutu na hau tudun don in ga nasu, sai na tarar ba irinsa ba ne. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce, ana zuba mata ɓawon gyaɗa da itace a ƙasa, ruwa na tafasa, tururi na juya ƙafar injin, sannan ya fice sama ya ɓace. Abin da ya shiga ba ya dawowa. Tun hantsi har la'asar haka yake huci.

Na sami Baba yana gyaran koma a zaure.

"Baba, a cire bututun nan. Wannan ba sha yake yi ba, dafawa yake yi yana zubarwa a sama."

"Uwata, boko ya fara taɓa ki. Garken shanu nawa suka sha a nan bai ƙafe ba?"

"Saniya tana ƙoshi ta tafi, Baba. Wannan ba ya ƙoshi."

Ƙanensa da ke gefe ya ce, "Ka ji malama! Gobe ma ita za ta sa mana ranar su."

Baba ya ce, "Ni ba za a ce a zamanina aka fara hana baƙo ruwa ba." Haushi ya kama ni, na tashi ko sallama ban yi ba.

Rana dama tana shan nata kowace shekara, amma takan bar abin da kifi zai rayu a ciki. Wannan ragowar ce injin ya ɗauke. Saura kwanaki kaɗan a yi su, ruwan ya koma taɓo mai zafi, karfasa suka taso cikinsu fari, wari ya cika gari, shamuwa da angulu suka riga mu. Mata suka tsaya a bakin tafkin da ƙwaryarsu.

Mutanen da suka yi dariya ranar goro su ne suka taru a ƙofar dagaci suka ce Baba ya ɓata wa ruwa rai. Aka karɓe sarautar aka ba ƙanensa. Baba bai kare kansa ba, kuma bai ƙara taka bakin ruwa ba.

Ana haka na ji masu ɗaukar kayan kamfanin suna cewa za a ja bututun zuwa tafkin ƙauyen da ke gaba, wajen Kirikasamma. Su ma ba sa hana baƙo ruwa. Na ce da Inna ta ɗaura mini fura, ba zan koma makaranta a makon nan ba. Zan je in sami sarkin ruwansu kafin goron ya isa, in kawo shi tudun nan ya ga tururin da idonsa.