Malam Habu da Mai Busan Jikin Tulu

Ina wanke shinkafa a gidanmu na unguwar Hay el-Sabi' a Masar waya ta shigo. Abokin karatun mijina ne. Ya ce, "Maman Sadiq, sai haƙuri. Malam ya faɗi a hanyar Darrasa, Allah ya yi masa cikawa." Shekara shida ke nan da rasuwar mijina, Malam Habu.

Bana abokansa sun shirya zaman tunawa da shi, suka ce in rubuta wani abu kan karatunsa da ladabinsa. Ɗayansu ya rage murya ya ce, "Ma'alish, a yi haƙuri, maganar tukwanen nan a bar ta." Ba zan bar ta ba.

Mahaifin Malam mai busa algaita ne. Da muka zo Masar ya ɓoye hakan. In an tambaye shi sai ya ce tsohonsa manomi ne. Wata rana zafi ya kora mu cikin gidan tarihi, ya tsaya gaban wani baƙin tulu na Girkawan dā. A jikinsa an zana mutum yana busa sarewa biyu lokaci guda, an ɗaure masa kumatu da fata har ƙeya. Malam ya ƙura wa zanen ido. Can ya ce, "Dubi kumatun nan, na Baba ne sak. Su a jikin tulu suka adana nasu. Ni na kasa faɗin sana'ar nawa."

Daga ranar bai ƙara cewa manomi ba. Ya riƙa bin shagunan littattafai yana neman hotunan irin tukwanen: mai busa gaban 'yan rawa, mace zaune da sarewarta. Ɗalibai suka sa shi gaba. "Ustaz, yau fiƙihu za mu yi ko algaita?" Sai ya ce, "Khalas, ya isa. Da algaitar aka ciyar da ni har na iya alif."

Masu tsokanar jiya su ne ke so yau a wanke masa suna. Da yana nan, na san tambayarsu zai yi wace dauɗa suka gani. Karatunsa suna da shi, su faɗa. Ni abin da ya bar mini shi ne na ga ranar da mutum ya daina jin kunyar ubansa.

Ya yi niyyar in mun je gida ya ɗora wa Baba hoton tulun a cinya, ya nemi gafara da bakinsa. Tsohon yana nan da ransa, amma ido ya tafi. Har yau bai ga tulun ba.