Shirgin Yayana

Yayana mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Daura, kuma shi ya fara kunna lantarki a unguwarmu, tun gwamnati ba ta kafa mana ko falwaya ɗaya ba. Wannan na gani da idona, wanda ya ce ba haka aka yi ba ya zo ya same ni.

Wata babbar mota ce ta mutu a hanyar Kongolam, mai ita ya haƙura da ita. Yaya ya je ya kwanto dainamonta. Ya yanka ganga ya fitar da fukafukai, ya haɗa su da gindin tsohon keke, ya kafa abin a kan soron zaure. In iska ta kaɗa fukafukan sai dainamo ya juya, wuta ta bi waya ta sauko cikin batirin mota. Daga batir ya ja ƙwan fitila guda biyu, ɗaya zaure, ɗaya ɗakin Inna. Abin ba shi da suna, sai mutane suka riƙa ce masa shirgi. Kuma yana da kuka, gaskiya. Maƙwabcinmu ya kai ƙara wurin mai unguwa wai kajinsa sun daina ƙwai, amma kullum shi ke fara shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin fitilar.

Sai kuɗin man fetur suka zo wa gwamnati. Aka kafa falwayoyi, aka ja wa kowa wuta, gidan da ba a taɓa ganin agogo ba ma sai ga fanka. Zauren Yaya ya watse. Waɗanda suka sha haskensa su ne suka koma tambayarsa yaushe zai sauke wannan tarkace. Shi kuwa mutum ne marar magana, in an taka shi ma haƙuri yake bayarwa. Ni ba haka aka yi ni ba.

Lokacin ina aure a wani ƙauye kusa da Dutsi. Na zo ganin gida ran wata Laraba da hantsi, na tarar an sauko da shirgin yana yashe a tsakar gida, wani maƙeri tsugune yana ƙwanƙwasa fukafukan. Matar Yaya ta raɗa mini cewa murhun gawayi za a yi da su, dainamon kuma a fasa a cire jan ƙarfen ciki.

Na ce wa maƙerin ya tashi, ba a sayarwa. Ya ce shi da maigida suka yi magana. Na ce to yanzu da ƙanwar maigida yake yi.

Yaya ya ce, "Auta, bar shi ya ɗauka. Aikinsa ya ƙare."

Na ce, "A Daura ya ƙare. Mu can garinmu ka ga falwaya? Unguwarzoma da aci-balbal take karɓar haihuwa."

"Ke za ki iya da shi? Ko baƙi ba ki sani ba."

"Shi shirgin karatu ya yi?"

Ya yi dariya, wadda matarsa ta ce rabonta da ji tun ranar da aka jawo wuta. Ya sallami maƙerin, ya zaunar da ni gaban batir. Ya nuna mini alamu biyu a kansa, ɗaya layi ne a kwance, ɗaya layi biyu sun gitta juna. Jar waya wajen mai gittawa, baƙa wajen na kwance, in na juya su na kashe batir. Ya koya mini duba ruwansa, da shafa giris, da ɗaure fukafukan in hadari ya taso. Sai da na haɗa na kwance har ya gaji da kallo.

A akori-kura muka kai shi. Maigidana ya ce ba za a ɗora masa aljani a ka ba, sai muka kafa shi a kan itace bayan rumbu. Ƙwai ɗaya ɗakina, ɗaya ɗakin da mata ke haihuwa. Ya yi shekaru yana aiki, har bayan rasuwar Yaya, Allah ya jiƙansa. Ni ke gyara shi, hawan itacen ne kawai nake sa a yi mini.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, malama ta zana alamar tarawa a allo ta tambayi wa ya san ta. Na ce wajen jar waya ne. Aji ya kwashe da dariya, ni ban ga abin dariya ba. Daga baya ta karanta mana labarin Baturen da ya ƙera ƙwan lantarki, har da hotonsa. Ban raina masa ba, ya yi aiki. Amma na tambaye ta wa ke sa mutum a littafi, ta ce duk wanda ya iya rubutu. Yaya bai taɓa ɗaukar hoto ba. Dainamon dai yana nan ƙarƙashin gadona, jikokina sun san ba a taɓa shi.