Ranar da Na Gasa Kwanon Kakarmu

Abubuwa da yawa sun faru da ni a rayuwa waɗanda sai an tuna mini nake tunawa, amma ranar da na saka kwanon kakarmu a wuta ba ta cikinsu. Wannan rana ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni malamar firamare ce a Kazaure. A lokacin muna maƙwabtaka da wata dattijuwa Kirista 'yar Filato, wadda duk layinmu Mama muke ce mata. Ta daɗe tana koya wa mata sana'ar hannu a wata cibiya, kuma a wurinta na fara ganin yadda ake yi wa tangaran ado. Da ta yi ritaya za ta koma garinsu, sai ta kira ni ta nuna mini wani tsohon akwatin ƙarfe da ɗan ƙaramin tanderun lantarki, ta ce in ɗauka, tunda duk cikin matan da take koya wa ni kaɗai ce na dame ta da tambaya. A cikin akwatin akwai garin fenti kala-kala a 'yan kwalabe da suka girme ni, da burusai masu laushi, da takardun furanni waɗanda ake jiƙawa a ruwa hoton ya sulluɓo a manna a jikin faranti. Akwai kuma wata kwalba da ba ta fi ɗan yatsa ba, ta ruwan gwal. Maigidana da ya leƙa akwatin cewa ya yi na gaji kayan bokanci.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake ci. Garin fentin da man kanumfari ake kwaɓa shi a kan gilashi har ya yi sulɓi, a zana a jikin kwano, a bari ya sha iska, sannan a gasa. Ruwan gwal kuwa in an shafa baƙi-baƙi yake kamar ɗanyen kwalta, sai ya sha wuta yake zama gwal. A jikin tanderun akwai wani ɗan tsinken yumɓu da ake sakawa, in zafi ya kai yadda ake so sai ya lanƙwashe, wutar ta mutu da kanta. Dokar da Mama ta fi nanata mini ita ce ba a buɗe tanderu sai ya huce sarai, don iska mai sanyi tana taɓa tangaran mai zafi zai tsage. Na yi ta gwadawa a kan fararen farantan kasuwa har hannuna ya faɗa, mutane suka fara yabawa, ni kuma kaina ya fara girma.

Labarin nan ne ya kai kunnen Goggo a Roni. Goggo yayar mahaifina ce, ita ce babbar da ta rage a gidanmu, kuma mace ce da ba a yi mata musu. In ta ce a tashi, ko da loma a bakinka tashi za ka yi. Wata ranar Juma'a sai ga ta ta sauko daga motar haya rungume da wani ƙunshi a cikin tsohon zani, ko yaron mota ta hana ya taɓa mata shi. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta warware zanin a kan tabarma. Farin kwanon tangaran ne mai murfi, da hannu biyu a gefe, gwal ɗin bakinsa duk ya goge sai ɗan alama.

Na san kwanon. Na kakarmu ne, mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna. Shekarun baya an yi gobara a gidan Roni ta cinye ɗakin Inna kaf, wannan kwano kaɗai aka fitar. Yanzu jikar Goggo za ta yi aure, kuma Goggo ta ƙudura shi za a ɗora a saman jeren amarya.

"An ce kina mayar wa kwano da gwal ɗinsa," in ji Goggo. "To ga na Inna. Ki gyara shi, ki sa masa fure ko biyu, Lahadi zan koma da shi."

Na ce, "Goggo, wannan fa sai ya shiga wuta. Ni sababbi na saba gasawa, ban taɓa gasa tsoho ba."

"Kwanon da gobara ba ta ci ba, wannan ɗan akwatin naki ne zai ci shi?"

Daga nan magana ta ƙare. Gaskiya na ji tsoro, amma kuma na ji daɗi an zaɓe ni. Na duba kwanon a rana, babu tsaguwa, sai wasu siraran layuka a cikinsa kamar saƙar gizo-gizo, irin na tsufan tangaran. Goggo ta ce da toka da sabulu ta wanke shi kafin ta taho, kuma da gani fes yake. Na wuni a kansa. Na manna furanni shuɗi a gefe biyu, na ja musu ganye da burushi, na bi bakin kwanon da na murfin da ruwan gwal ina riƙe numfashi. Goggo tana zaune tana kallo, da ta ga baƙin layin ta ce, "Wannan ne gwal ɗin? Allah ya kyauta."

Washegari da safe aka kawo wuta. Na yi bisimilla na jera kwanon da murfinsa a tanderu, na rufe, na kunna. Tanderun a ɗakin ajiya yake kusa da kicin. Na koma tsakar gida muna tsinkar zogale da Goggo, kunnena yana ɗakin.

Da farko ƙamshin kanumfari ne ya fito, wannan na saba da shi. Can sai wani wari ya biyo baya wanda ban taɓa ji daga tanderun ba. Ƙauri ne, irin na mai da aka manta a kan wuta. Na leƙa kicin, babu komai a murhu. Da na tura ƙofar ɗakin ajiya sai na ga hayaƙi yana fitowa siriri ta 'yar hudar da ake leƙa cikin tanderun.

Goggo ta iso bayana tana shinshina. "Man shanu ne wannan," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "A ciki Inna take ajiye man shanunta. Ni ma a ciki nake ajiyewa."

"Tun yaushe, Goggo?"

"Tun kafin a haifi ubanki. To me ya yi? Ai na wanke."

A nan na gane abin da ke faruwa. Waɗannan siraran layukan ba a banza suke ba, ta nan man ya yi shekaru yana tsuma cikin jikin kwanon, inda toka da sabulu ba sa kaiwa. Yanzu wuta ta taso shi. Ina cikin wannan tunani muka ji ƙas daga cikin tanderun, ƙara 'yar ƙarama, kamar an taka busasshen ganye. Sai kuma wata.

Goggo ta ce, "Kashe. Buɗe ki fito mini da kwanona."

Duk macen da ta taɓa girki ta san abin da jikinta yake gaya mata in ta ji ƙauri: a sauke tukunya, a buɗe murfi. Ni ma abin da zuciyata take so ke nan. Amma na san in na buɗe a wannan zafin, kwanon a gabanmu zai rabe. Na ce ta yi haƙuri in kira Mama. Na lalubo lambarta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, Goggo kuwa tana ta matsowa. Sai a kira na gaba Mama ta ɗauka, na kwashe komai na gaya mata a gurguje.

"Ayya, 'yata," in ji Mama. "Tsohon kwano mai maiƙo kika sa? To ki ji ni da kyau. Kar ki kashe, kar ki buɗe. Ki bar hudar nan a buɗe hayaƙin ya fita. In kin kashe yanzu baƙin zai zauna a jikinsa har abada. Ki bar wuta ta cinye man."

Na ce, "Mama, zai fashe?"

"Ban sani ba. In kin bar shi, wataƙila. In kin buɗe, tabbas."

Na ajiye waya na juyo, sai na ga Goggo ta naɗe gefen mayafinta a hannu ta nufi marfin tanderun. Ban san lokacin da na sha gabanta ba. Na tsaya na ba tanderun baya, zafinsa yana dukan ƙafafuna. Ta ce in matsa. Na ce, "Goggo, don girman Allah ki yi haƙuri, ba zan matsa ba." Ta miƙa hannu ta gefena, na riƙe mata wuyan hannu.

A gidanmu ko ido ba a haɗawa da Goggo, balle a riƙe ta. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi, amma a hankali ta yi magana. "Ni kika riƙe?" Na durƙusa a wurin, ban saki hannun ba, hawaye yana zubo mini. Na ce ta yi mini duk hukuncin da ta ga dama, amma bayan ya huce. Ta zare hannunta ta fita.

Ban taɓa ganin wuni mai tsawon wannan ba. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin a kan kujera 'yar tsugunno, ina gadin tanderu kuma ina roƙon Allah kada a ɗauke wuta, don in aka ɗauke a tsakiya, an kashe ke nan. Duk sanda fankar falo ta rage gudu sai in zabura in duba ko an ɗauke. Goggo ta ja tabarma can ƙarƙashin darbejiya ta juya mini baya tana jan carbi. Na kai mata abincin rana, ko kallon kwanon ba ta yi ba. Maigidana ya dawo daga kasuwa ya ga yadda gidan yake, ya tambaya a hankali ko rasuwa aka yi. Na ce tukuna dai.

A hankali hayaƙin ya ragu, ya koma fari, ya ɗauke. Na leƙa ta hudar, ba na ganin komai sai ja kamar garwashi. Ƙarar nan ma ta daina, kuma shirun bai kwantar mini da hankali ba, don abin da ya riga ya fashe shi ma shiru yake yi. Wajen la'asar na ji tsinken ya saki, wutar ta mutu da kanta. Goggo ta ji, ta taso ta tsaya daga nesa. Na ce mata sai gobe. Ta koma kan tabarmarta.

Da safe bayan mun yi sallah na taɓa jikin tanderun na ji shi sanyi ƙalau. Na je na durƙusa na gaida Goggo, ta amsa a ciki-ciki, na ce lokaci ya yi. Ta biyo ni. Na ɗaga marfin, amma na kasa dubawa, sai da ta ce, "To, duba mana."

Kwanon yana nan a tsaye, bai tsage ba. Gwal ɗin ya fito yana ɗaukar ido, furannin sun zauna kamar da su aka yi shi. Na ɗauko shi da hannu biyu na ƙwanƙwasa da farce, ya yi ƙara garau. Sai da na leƙa cikinsa murnata ta koma. Duk cikin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa masoro, layukan nan kuma sun yi duhu sun fito fili. Na goga da yatsa, ba ya fita. Na miƙa mata na ce, "Goggo, cikin ya ɓaci. Wannan ba zai taɓa wankuwa ba."

Ta karɓa ta fita da shi tsakar gida inda haske yake. Ta daɗe tana kallon cikin, tana bin ɗigon da ɗan yatsa. Na ga idonta ya kawo ruwa, abin da ko a ranar rasuwar mahaifina ban gani ba.

"Man Inna ne," ta ce. "Duk abin da ta taɓa ya ƙone a gobarar nan. Ashe akwai saura a nan."

Ta ɗauki murfin ta rufe, ta juya kwanon gwal ɗin ya kama rana. "Wa yake buɗe kwanon jere? Haka za a ɗora shi. Yarinyar kuma zan nuna mata cikin da kaina, ta san na wane ne."

Na sake durƙusawa na nemi gafarar riƙe ta da na yi. Ta ce, "Da kin sake ni, da yanzu da tsintsiya muke kwashe Inna. Tashi ki ɗumama mini tuwon jiya, yunwa nake ji."

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini tsohon kwano sai na zaunar da shi ya ba ni tarihinsa, me aka zuba a ciki, wa ya yi amfani da shi, don abin da ido ya gani fes ba lallai ne cikinsa babu komai ba. Babban abin da na koya kuwa a kan biyayya ne. Na tashi ina ganin girmama babba shi ne ka yi duk abin da ya ce. A ranar na gane akwai lokacin da za ka durƙusa har ƙasa, kana kuka, kana ba da haƙuri, amma ba za ka matsa daga bakin ƙofar ba, saboda abin da kake tsarewa nasa ne.