Amanar da Farfesa Mordecai Bai Rubuta Ba

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, ina cikin aji a Samaru aka kira ni waje. Aka ce malamina, Farfesa Mordecai Kefas, ya cika.

Baba, shekara talatin kana koyar da falsafa, kuma duk bincikenka a kan abu ɗaya ne: amana. Me ya sa mutum ke riƙe maganar da ba wanda ya ji ya yi? Ka ja ni zuwa kasuwar Sabon Gari, muka wuni wajen dillalai, ka hana ni fito da biro. Ka ce, "Dinatu, maganar da aka rubuta ta zama hujja, ta daina zama amana." Na yi ta ƙunƙuni, ka saya mini rake ka ce in ba bakina aiki. Taurin kanka ya sha ba ni haushi, ban taɓa ɓoye maka ba.

Wannan halin ne ya sa mutanen Palladan suka yarda da kai a rigimar hanyar da ta ratsa tsakanin coci da Islamiyya. Wata shida kana safa da marwa. Malam Umar Farouk na Islamiyya ya gaya maka iyakar abin da za su iya haƙura da shi, dattijo Raphael na coci ma ya gaya maka nasu. Kai kaɗai ka san inda maganganun biyu suka haɗu. Ka sa zaman sulhu Asabar mai zuwa, ko layi ɗaya ba ka rubuta ba.

A wurin zaman makoki kowannensu ya ja ni gefe. Malam Umar ya ce, "'Yata, bai faɗa miki komai ba?" Na ce wallahi bai faɗa ba. Ya dube ni, na ga bai yarda ba. Raphael ma bai yarda ba.

Jiya na bi ta hanyar. An sauke bulo a bakinta, matasa suna zaune a kai, ba mai gaida wani. Tsoro nake ji, Baba.

Allah ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa. Mama Elizabeth da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Mu da za mu zauna ranar Asabar ba tare da kai ba, Allah ya sa mu tashi lafiya.